Teslim Balogun, Tsawar Ƙananan Filaye

Duk wanda ya taɓa bi ta unguwar Surulere a birnin Legas ba zai rasa ganin manyan filayen wasa guda biyu suna fuskantar juna ba, titi ne kawai ya raba su. Ɗaya shi ne Filin Wasa na Ƙasa, ɗayan kuma shi ne Filin Wasa na Teslim Balogun. An ɗauki aniyar gina wannan na biyun tun a shekarar 1984, zamanin Gwamna Gbolahan Mudasiru, amma bai kammalu ba sai a 2007, shekara 23 ke nan ana abu ɗaya. Yana cin mutum wajen dubu 24, kuma yana cikin filayen da aka buga gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Sunan ya zauna a bakin jama'a, amma in ka tambayi 'yan'uwana ɗalibai wane ne mai sunan, da yawa za su ce maka wani tsohon gwamna ne ko ɗan siyasa.

Ni dai mai son kallon ƙwallo ne a ƙananan filaye. Ranar da babu lacca nakan shiga mota in nufi Agege, ko filin Campos da ke tsibirin Legas, ko kuma filin wata makarantar firamare da na ji an ce 'yan dagaji za su kara a can. Irin filin da igiya ce ke raba ɗan kallo da ɗan wasa, ragar duk ɗinki, mai rake da mai gyaɗa suna zagayawa, kana jin numfashin ɗan wasa da duk abin da ya gaya wa rafali. Abokaina da ke cika gidajen kallon ƙwallo don gasar Firimiya suna yi mini dariya, ni kuma ina yi musu. Wannan ne ya sa da aka nemi mu rubuta tarihin wani shahararren mutum domin mujallarmu, na zaɓi marigayi Teslim Balogun, domin kuwa mutumin da aka sa wa katafaren fili sunansa, kusan duk rayuwarsa ta wasa a ƙananan filaye ya yi ta, a gida da waje.

Sunansa da tasowarsa

Cikakken sunansa Tesilimi Olawale Balogun, Bayarabe ne haifaffen Legas, ya kuma yi karatu a Fatakwal, a makarantar Katolika ta St. Mary. A matsayinmu na ɗaliban harshe, sunan kansa abin dubawa ne. Asalinsa Taslim ne na Larabci, sai Yarabanci ya cusa wasula tsakanin baƙaƙen ya kuma rufe ƙarshen kalmar da wasali, ya zama Tesilimi, kamar dai yadda Hausa ke yi wa kalmomin aro, inda Turawa suka kawo burodi da tebur da sukurdireba muka gyara musu zama. Balogun kuwa sarauta ce ta yaƙi a ƙasar Yarabawa, kusan abin da mu za mu kira Sarkin Yaƙi. Daga baya 'yan kallo suka laƙaba masa Thunder, wato tsawa ko aradu, saboda ƙarfin bugunsa. Wannan laƙabi ya bi shi har kabari.

Ya taso a lokacin da ƙwallon Legas yake hannun ma'aikatu da kamfanoni. Hukumar jirgin ƙasa tana da kulob ɗinta, haka hukumar jiragen ruwa, haka kamfanin UAC, haka 'yan sanda. Ɗan wasa ma'aikaci ne, da safe yana ofis ko wurin gyaran inji, da yamma yana fili. Idan wata ma'aikata tana son gwanin wata, sai ta yi masa tayin aiki. Shi ya sa in ka dubi jerin kulob ɗin da Balogun ya yi wa wasa sai ka ga kamar takardar neman aiki: Apapa Bombers, Marine, UAC, Railways, Jos, Pan Bank, Dynamos, SCOA. Babbar gasar zamanin ita ce Kofin Gwamna, wanda aka fara a 1945, ana buga wasan ƙarshensa a filin Sarki George na Biyar da ke Onikan, a bakin ruwa. Shi ne kofin da daga baya ya koma Kofin Ƙalubale. Balogun ya je wasan ƙarshe na wannan kofi sau bakwai, ya ɗauka sau biyar.

Zamansa a Jos ne ya haɗa shi da Arewa. Jos a wancan lokaci garin haƙar kuza ne, ya tara mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, kuma ƙwallo ya kafu a can sosai. A 1951 'yan Filato suka kai wasan ƙarshe, Railways ta Legas ta doke su da ci 3 da 2. Shekara biyu bayan haka, a 1953, Kano ta doke Dynamos da ci 2 da 1, ta zama ta farko da ta fitar da kofin daga Legas. A tsakanin waɗannan shekaru biyu, wato a 1952, Balogun ya zura ƙwallo uku shi kaɗai lokacin da Pan Bank ta lallasa Warri da ci 6 da 1.

Tafiyar 1949

Amma bari in koma baya kaɗan, domin abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsa ya faru ne kafin waɗannan. A watan Agusta na 1949 hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, wadda Bature Kyaftin Holley yake shugabanta, ta zaɓi 'yan wasa 18 ta sa su a jirgin ruwa mai suna Apapa zuwa Ingila. Wannan ne karo na farko da aka haɗa ƙungiya da sunan Nijeriya gaba ɗaya. Etim Henshaw ne kyaftin, akwai Dan Anyiam, akwai mai tsaron gida Sam Ibiam, akwai Titus Okere, akwai John Dankaro, sannan ga Balogun a gaba. Kusan mako biyu suka yi a kan teku kafin su sauka a Liverpool. Wani tsohon ɗan wasan Fulham, Jack Finch, shi aka ba aikin horar da su.

Ba da Arsenal ko Manchester United aka haɗa su ba. Da ƙungiyoyin 'yan dagaji aka haɗa su, waɗanda ba a biyansu albashi, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan masana'antu, irinsu dai. To amma kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙungiyoyin banza ne. A wancan zamani Ingila tana da kofi na musamman domin 'yan dagaji, wanda aka ci gaba da yi har 1974. Leytonstone ce ta ɗauke shi a 1947 da 1948, Bromley ta ɗauka a 1949 a filin Wembley, Bishop Auckland kuwa sau goma ta ɗauke shi a tarihinta, babu wadda ta kamo ta. Duk ukun nan sun kara da 'yan Nijeriya. Ke nan zakarun wannan rukuni aka tara musu.

Wasan farko an yi shi ne ranar 31 ga Agusta da ƙungiyar Marine ta garin Crosby, a gefen Liverpool, a wani fili da ake kira Rossett Park. Mafi yawan 'yan wasanmu ba takalmi suka shiga, sai dai bandeji da suka naɗe ƙafa da shi, domin haka suka saba a gida. Turawa suka yi dafifi don su ga wannan abin mamaki, mutum 6,000 suka cika filin. Aka tashi Nijeriya na da 5, Marine na da 2. Har yau wannan fili bai sake tara mutane irin na ranar ba. Wanda ya kalli wasan Kofin FA na watan Janairun 2021, lokacin da Tottenham ta Jose Mourinho ta je ta ci Marine 5 da nema, ya ga filin da idonsa: gidajen mutane sun manne da shi, har akwai lambobin gidajen a jikin shinge, don in ƙwallo ya faɗa bayan gidan wani a san ƙofar da za a buga a karɓo. A nan ne aka fara buga ƙwallo da sunan Nijeriya a ƙasar waje. Duk lokacin da na ga yara sun haura katanga ɗauko ƙwallo a wani filin unguwa, wannan filin nake tunawa.

Daga nan abubuwa suka ɗan yi tsauri. Bishop Auckland ta ci su 5 da 2, Leytonstone ta ci su 2 da 1. Suka doke Dulwich Hamlet ta kudancin Landan da ci ɗaya mai ban haushi. Haɗakar 'yan wasan gasar Athenian ta yi musu kaca-kaca da ci 8 ba ko ɗaya. Ƙafar da ta saba da busasshiyar ƙasa ba ta da tabbas a kan jiƙaƙƙiyar ciyawar Ingila, kuma ƙwallon fata na zamanin in ya sha ruwa nauyi yake ƙarawa. A filin Hayes Lane na Bromley mutum 10,798 suka shiga kallo, adadin da shi ma ya zauna a matsayin mafi yawa a tarihin filin, duk da cewa Bromley ta samu hawa rukunin ƙwararru a 2024. Wasan ƙarshe da South Liverpool aka yi shi da dare a ƙarƙashin fitilu, abin da yake baƙo a Ingila kanta a lokacin, mutum 13,007 suka kalla, aka tashi 2 da 2. Jimilla wasa tara suka yi: nasara biyu, kunnen doki biyu, rashin nasara biyar.

A nawa ganin, ba sakamakon ne abin dubawa ba. Masu mulkin mallaka sun shirya tafiyar ne don su nuna irin tarbiyyar da suka yi wa 'yan ƙasar da suke mulka, shi ya sa aka sa su cikin kwat da wando iri ɗaya. Amma a gida mutane wani abu daban suka gani. Tun a 1938 Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa nasa kulob ɗin wasanni, domin ya gane cewa fili wuri ne da baƙar fata zai iya fin Bature a bainar jama'a ba tare da an kama shi ba. Saboda haka labarin cewa samari marasa takalmi sun ci Turawa biyar a garinsu ya fi ƙarfin labarin wasa kawai.

A hanyarsu ta dawowa jirgin ya tsaya a Freetown, inda ranar 8 ga Oktoba, 1949 suka doke Saliyo da ci 2 da nema. Wannan ne ake lissafawa a matsayin wasan farko na Nijeriya da wata ƙasa, kuma Balogun yana cikin waɗanda suka buga shi. Ya ci gaba da yi wa ƙasa wasa har tsawon shekara 12.

Komawa Ingila

A 1955 ya sake komawa Ingila, wannan karon shi kaɗai, da niyyar koyon aikin ɗab'i tare da buga ƙwallo. A watan Agusta ya sa hannu da Peterborough United. Yau sunan sananne ne ga masu bin ƙwallon Ingila, amma a lokacin ba ta ma shiga rukunin ƙwararru ba, tana buga gasar yanki ce mai suna Midland, sai a 1960 aka karɓe ta. George Swindin, tsohon mai tsaron gidan Arsenal, shi ne kocinta. Abin takaici, mutumin da Legas ke tsayawa cik in zai buga fanareti bai samu gurbi a wasannin gasar babbar ƙungiyar ba. Daga nan ya koma Skegness Town.

Skegness ƙaramin gari ne a gaɓar Tekun Arewa, a yankin Lincolnshire, inda ma'aikata ke zuwa hutu da shan iska lokacin zafi. To amma ƙwallon Ingila a lokacin sanyi ake yin sa, sa'ad da masu hutu suka watse, iska mai ratsa ƙashi take kaɗowa daga teku. Ɗan'uwa mai karatu, kai da hunturun Jos yake hana ka wankan safe, ka kwatanta ɗan Legas a cikin gajeren wando a wannan wuri cikin watan Disamba.

A kakar 1956 zuwa 1957 ya samu shiga Queens Park Rangers ta yammacin Landan, wadda take rukuni na uku na kudu a lokacin. Ya buga mata wasa 13 a gasar, ya ci ƙwallo 3. Wannan ya sa shi cikin 'yan Nijeriya na farko-farko da suka taka leda a gasar ƙwararru ta Ingila. Kafin shi Titus Okere, abokin tafiyarsa ta 1949, ya je Swindon Town, amma bai samu kafuwa ba. Bayan kaka ɗaya Balogun ya bar Landan ya koma Lincolnshire, ya shiga Holbeach United, kulob ɗin wani garin manoma masu noman dankali da furanni, mai fili da ake kira Carter's Park. A nan zamansa na wasa a Ingila ya ƙare.

Na san abin da abokaina 'yan gidan kallo za su ce in suka karanta wannan: ashe gwarzon naku rukuni na uku ya tsaya, ƙwallo uku kacal. Ni ban yarda da wannan ma'auni ba. Na farko, bai je Ingila yana ɗanyen yaro ba, ya je ne bayan ya shafe kusan shekara goma yana cin kofuna a gida, kuma da karatu a gabansa. Na biyu, babu dillalin da ya share masa hanya, babu wani ɗan ƙasarsa da ya riga shi kafuwa da zai riƙe masa hannu, ga takalmi mai nauyi, ga laka, ga salon wasa na dogon bugu da karo wanda ya sha bamban da na Onikan. Na uku, ƙwallon Ingila a lokacin ba hanyar arziki ba ce. Akwai dokar da ta ƙayyade albashin ɗan wasa, wadda ko a 1961 da aka soke ta fam 20 ne iyakarta a mako, ko da kai ne tauraron ƙasar. Saboda haka tazarar da ke tsakanin babban kulob da ƙarami ba ta kai ta yau ba, kuma ba abin kunya ba ne gwani ya yi wasa a garin manoma. Hanyar da Nwankwo Kanu da Jay-Jay Okocha suka bi bayan shekara arba'in, har aka riƙa yi musu waƙa a filayen Arsenal da Bolton, ta cikin irin su Skegness da Holbeach ta faro.

A Ingila akwai mutanen da suka mai da zagaya filaye abin sha'awarsu, kowane Asabar suna garin da ba su taɓa zuwa ba, suna rubuta sunan fili da sakamako a ɗan littafi. Har ƙungiya suka kafa a 1978 ta waɗanda suka kalli wasa a dukkan filaye 92 na rukunin ƙwararru, wasu kuma sun fi son na ƙasa da haka. Irin waɗannan mutane da ƙananan kulob ɗin da suke ziyarta su ne suka adana takardun shirin wasa da adadin 'yan kallo, shi ya sa yau nake iya gaya maka cewa mutum 10,798 ne suka shiga Hayes Lane, ba dubu goma da wani abu ba. Mu a nan muna da gasar ƙasa ta rukuni na biyu, muna da ta 'yan dagaji da ake kira Nationwide League One, ana buga su a garuruwa da dama, amma sau nawa ka ga mutum da biro da takarda a bakin fili? A ganina wannan aiki ne da ɗalibin harshe zai iya yi. Kirarin da ake yi wa 'yan wasa, da laƙabobinsu, da habaicin da magoya baya ke jifan juna da shi, da kalmomi irin su tamaula da gola da canjaras da yankan baya, duk a can suke a raye, kuma sun ishi mutum rubuta kundin digiri.

Koci da almara

Da ya dawo gida sai ya zauna a Badun, ya yi wa ƙungiyar garin wasa a shekarun da ta ɗauki kofin ƙasa a 1959 da 1961. Ya dawo da takardar shaidar horar da 'yan wasa, kuma ana lissafa shi a matsayin ɗan Afirka na farko da ya samu irin wannan shaida ta ƙwararren koci. A 1968 yana cikin masu horar da ƙungiyar da ta wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik na Meziko, karo na farko da ƙasar ta je wannan gasa a fagen ƙwallo. Japan ta ci su 3 da 1, Sifaniya ta ci su 3 da nema, sannan suka kara da Barazil. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Nijeriya na da uku Barazil ba ta da ko ɗaya, amma aka tashi 3 da 3. Shekara 19 ke nan tsakanin bandejin Crosby da wannan rana.

Tun yana raye mutane suka fara ƙaga masa labarai. Wanda ya fi yawo shi ne cewa ya taɓa buga ƙwallo da ƙafar hagu, ya huda cikin mai tsaron gida ya fita ta baya, mutumin ya faɗi matacce, har aka hana shi bugu da wannan ƙafa. Wasu sukan haɗa wannan da tatsuniyar nan ta wasan Nijeriya da Indiya, wanda aka ce an ci mu 99 da 1 saboda ƙwallon yana rikiɗa ya zama zaki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faru. Amma mu da muka karanta adabin baka mun san yadda abin yake, haka aka yi wa jarumai irin su Wandara da Ɗanwaire, in bajintar mutum ta cika ido sai baki ya ƙara mata gishiri. Wasanninsa ba a talabijin aka gan su ba. Mutum dubu kaɗan ne suka tsaya a bakin igiya suka ji ƙarar bugun da kunnensu, su kuma suka kai labarin kasuwa da tashar mota da makaranta, daga can ya bazu har garuruwan da bai taɓa takawa ba.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 30 ga Yuli, 1972, bai yi tsawon rai ba, ya bar 'ya'ya takwas. Bayan rasuwarsa aka kafa gidauniya da sunansa domin tallafa wa iyalan tsofaffin 'yan wasan ƙasa da suka shiga halin ƙunci.